Neman shawara: ta wace ƙofa ake neman tallafin jami'a don haɗa bidiyon darasi?

Malamar Kemistiri:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata jami'ar gwamnati. Ɗalibai sun fi ƙarfin ɗakin gwaji, sai an kasa su rukuni-rukuni, kuma duk da haka na baya ba ya ganin lokacin da launin ruwa ya juya a kwalba. Shi ne nake so in ɗauki gwaje-gwajen zangon farko a bidiyo, gajeru-gajeru, da bayani cikin Turanci da Hausa, ɗalibi ya kalla a wayarsa kafin ya shigo, malamin da ya gaje ni ma ya ci gaba da amfani da su. Shugaban sashe ya ce tunani ne mai kyau, amma sashe ba shi da ko sisi, in rubuta sama. To, saman nan ce ban san ƙofarta ba. Wa zan rubuta wa, kuma me zan roƙa? Na fara lissafa kamara, kwamfuta da fitilu.

Dakta daga Tsangayar Ilimi:
Wa alaikumus salam. Malama, tun daga lissafin nan za ki faɗi. Duk kwamitin da ya ga takarda ta fara da kamara da kwamfuta, abin da zai karanta shi ne malama na son kayan lantarki. Ki fara da abin da za ki miƙa musu a ƙarshe: bidiyo kaza, kowanne minti kaza, na kwas kaza, ɗalibai kaza za su amfana duk shekara.

Ƙofar da aka fi bi ita ce TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, wadda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohuwar ETF, kuma makarantun gwamnati kaɗai take tallafa wa. Kowace jami'a tana da jami'in da ke riƙe da teburinta, shi za ki fara gani. Cikin tallafinta akwai IBR, na bincike a cikin makaranta. Sai dai kuɗin bincike ne, ba na shirya fim ba, don haka dole aikinki ya zo da tambaya: shin ɗalibin da ya kalli bidiyo kafin gwaji ya fi iya aikin a kan wanda ya karanta takarda kawai? Bayani da Hausa yana ƙara fahimta? Bidiyon sai ya zama kayan binciken. Takardar tana bi ta kwamitin bincike na jami'arku kafin ta tafi Abuja, kuɗin kuma kashi-kashi ake biya, sai kin kawo rahoton na farko a saki na gaba.

Wani daga sashen ICT:
Dakta ya yi gaskiya a kan kamara. Wayar da ke hannunki ta isa, in dai an kafa ta a kan maƙali ba ta rawa. Inda ake kashe kuɗi shi ne sauti. Ɗalibi zai jure hoto mai dishi-dishi, amma in ƙarar janareta ta danne muryarki, zai rufe. Ki sa ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga a kasafinki, da haddis (hard disk) na ajiya, da ladan wanda zai tace. Manhajojin kyauta ne: Shotcut na yanka bidiyo, Audacity na gyaran murya, OBS Studio in za ki ɗauki fuskar kwamfuta.

Ki kuma tuna data. Bidiyon minti 5 a kan megabit ɗaya a daƙiƙa yana kai wa kusan MB 38. Goma irinsa sun haura MB 370, ɗalibinmu kuwa kin san halin aljihunsa. Ki fitar da ƙarami wanda za su tura wa juna ta Xender ko WhatsApp, babban ki ajiye. In jami'arku na da Moodle, dandalin ɗora darussa a intanet, akwai manhajar H5P da ke tsayar da bidiyo ya jefa tambaya kafin ya ci gaba.

Ma'aikaciyar laburare:
'Yar uwa, abin da ba a taɓo ba tukuna shi ne mallaka, kuma nan ne irin wannan aiki yake mutuwa. An sha ganin malami ya haɗa kaya masu kyau, ya tafi hutun sabati ko ya koma wata jami'a, kayan suka bi shi a kwamfutarsa. Wani kuma ya bar su, amma ba wanda ya san ko ya halatta a taɓa. Kafin ki ɗauki ko minti ɗaya, ki nemi manufar jami'arku kan haƙƙin mallaka. Jami'o'i da dama suna da ofishin da NOTAP, hukumar haɓaka fasaha ta ƙasa, ta taimaka aka kafa don wannan. Akwai kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023. A rubuta a takarda wa ke da kayan, da wane lasisi za a sake su.

Ni shawarata lasisin Creative Commons, wato lasisin da ke faɗa wa jama'a abin da aka yarda su yi da kayanki; kala-kala ne. CC BY ya yarda kowa ya ɗauka, ya gyara, ya fassara, muddin ya ambaci sunanki. CC BY-SA ya ƙara da cewa wanda ya gyara shi ma ya saki nasa a buɗe. Ki guji mai alamar ND, don ya hana gyara, wato malamin Sakkwato ko na Damagaram ba zai iya sake muryar da karin harshensu ko da Faransanci ba. Wannan zai ƙarfafa takardarki ma, tunda NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta fitar da manufar buɗaɗɗun kayan karatu a 2017, UNESCO ta amince da shawararta a kai a Nuwamba 2019, NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, kuma ta daɗe da sakin littattafan kwasa-kwasanta kyauta a intanet. Ki rubuta cewa kwafi zai zauna a ma'adanar laburare, har da ɗanyen hoton da rubutun bayanin, ba wanda aka tace kaɗai ba.

Farfesa mai ritaya:
Ɗiyata, ban ƙi ta Dakta ba, amma kada ki rataya komai a wuyan IBR. Layin yana da tsawo, kuma sai ki tarar binciken ya cinye lokacin da za ki yi ainihin aikin. Ki ɗauki gwaji guda da wayarki wannan makon, ki ba rukuni ɗaya, ki ji abin da za su ce. Sannan ki kai wa Din ɗinku, shugaban tsangaya, ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Sau da yawa abin da kike buƙata yana cikin jami'ar a kulle: ɗakin ɗaukar hoto na sashen koyon aikin jarida, ko na cibiyar karatu daga nesa. Wasiƙa ɗaya ta hannun shugaban sashe ta isa ta buɗe shi. Ki kuma roƙi a rage miki kwas guda na zango ɗaya. Wannan ba ya cin jami'a tsabar kuɗi, ke kuwa ya fi miki kamara amfani.

Dakta daga Tsangayar Ilimi:
Ranka ya daɗe, na yarda, bidiyon gwajin ma shi zai zama hujja a takardar IBR ɗin. Malama, ƙari ɗaya: ki ɗaure kowane bidiyo da CCMAS, manhajar karatun jami'o'i da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022. Kashi 70 na abin da ake koyarwa iri ɗaya ne a duk jami'o'in ƙasar, saura 30 kowace ta tsara nata. In kika zaɓi gwaje-gwajen da ke cikin kashi 70 ɗin, kin nuna cewa kayan ba na jami'arku kaɗai ba ne.

Wani daga sashen ICT:
Kada a sa kwanan wata, sunan zango ko "kamar yadda na faɗa makon jiya" a cikin bidiyon, shi ke tsufar da shi. Gwaji ɗaya, fayil ɗaya. A ɗauki hoto daban, murya daban, yadda Hausa da Turanci za su hau kan hoto guda. Kuma ki leƙa shafin PhET na Jami'ar Colorado kafin ki wahala, akwai gwaje-gwajen kimiyya da sun riga sun kwaikwaya a kwamfuta kyauta.

Malamar Kemistiri:
Allah ya saka da alheri. Zan fara da gwajin asid da alkali, hannuna kawai za a gani da kwalaben. Malamar laburare, in ɗalibi ya fito a hoton fa, ko da bayansa ne?

Ma'aikaciyar laburare:
Ki karɓi amincewarsa a rubuce, a bayyana masa cewa bidiyon zai hau intanet kuma wasu za su iya sake amfani da shi. 'Yan aji ɗaya akwai waɗanda ba su kai 18 ba, waɗannan sai da sa hannun iyaye. In da hali ki bar su bayan kamara, su riƙe miki fitila.