Ƙarar kardan idan na karya kwana: zan iya gyarawa a gida?

Direba daga Garwa:
Assalamu alaikum. Motata Corolla ce, kuma duk lokacin da na murɗa sitiyari har ƙarshe ina tafiya a hankali, sai in ji ƙas-ƙas daga tayar gaba ta hagu. Ina neman shawararku ko aikin gida zai wadatar.

Bakanike daga Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan alamar kan kardan ne na wajen taya, wato gaɓar da ke ƙarshen sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa taya, domin da rulma ce (boris ɗin da taya ke juyawa a kansa), da kun ji gurnani mai ƙaruwa da gudun mota. Ku duba robar da ta rufe gaɓar: idan ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, kuma ƙurar hunturu a yankinmu ba ta ɗaga wa irin wannan gaɓa ƙafa. Tunda har ta fara ƙara, sabuwar roba ba za ta warkar da ita ba, sai an canza kan kardan ɗin gaba ɗaya, a cika shi da baƙin giris na kardan.

Dattijo daga Kusiri:
Ɗana, ka sassauta babban noti na tsakiyar taya tun tayar tana ƙasa, galibi da soket lamba 30 ko 32. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Ka tokare ta da katako mai kauri a kan ƙasa mai tauri, ba kan rairayi ba. Idan za ka zare kardan ɗin duka, ka ajiye kwano, domin man giya yakan zubo.