Shawarwarin da na tattaro kan rabuwar Kiristanci da Yahudanci

To jama'a, ga abin da na kwaso daga hirarmu ta jiya, don masu son karanta wannan tarihi.

Kusan kowa ya ce kar ka ɓata lokaci kana neman rana ɗaya da aka raba gari, babu ita. Yesu da almajiransa duk Yahudawa ne, ko bayansa suna zuwa Haikali, wato babban ɗakin ibadar Yahudawa, a Urushalima. Shawarar ita ce ka fara da rigimar kaciya, wato taron Urushalima wajen shekara ta 49 miladiyya, inda jagororin mabiya Yesu, su Bulus da Bitrus da Yakubu ɗan'uwan Yesu, suka zauna kan ko dole wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya kafin ya shiga cikin mabiya Yesu, aka ce a'a, kuma ni dai a ganina nan ne hanya ta fara rabuwa.

Sai abubuwan da suka ƙara raba su: shekara ta 70 da Rumawa suka rushe Haikali, da tawayen da Yahudawa suka yi wa Rumawa ƙarƙashin jagorancin Bar Kokhba daga 132 zuwa 135, wanda Kiristoci suka ƙi mara masa baya.

Wani malamin tarihi ya ja kunnenmu, ya ce kar mu ɗauka abin da shugabanni suka rubuta shi talakawa ke yi. Har wajen 386 Yohanna Kirisostom, wani babban malamin Kirista, na wa'azi a birnin Antakiya yana faɗa da mabiyansa da ke zuwa majami'ar Yahudawa ranar bukukuwa. Ka ji fa, sama da shekara 300 bayan taron Urushalima.