Fitila mai kunna kanta da na'urar ƙirga masu shiga: wacce ta dace da ɗakin karatu?

Mai kula da ɗakin karatu:
Assalamu alaikum. Ina kula da wani ƙaramin ɗakin karatu a Kano, kuma sau da yawa nakan tarar da fitilu da fankoki suna aiki ba kowa a ciki. An ba ni shawarar sanya na'urar gano motsi, wani kuma ya ce gara wadda ke ƙirga masu shiga da fita, domin ta kashe komai idan mutum na ƙarshe ya fita. Wacce ta fi dacewa da mu?

Mai gyaran wuta:
Wa alaikumus salam, Malam. Na'urar gano motsi irin PIR tana lura ne da sauyin zafin jikin mutum yayin da yake gilmawa, saboda haka wanda ya zauna shiru yana karatu zai ga wuta ta ɗauke masa, sai ya ɗaga hannu kafin ta dawo. Ga kuma zafin watan Afrilu, lokacin da zafin ɗaki ke kusantar na jikin mutum, ganinta yakan ragu. Wurinta baranda da banɗaki.

Ɗalibar injiniyanci:
Mai ƙirgawar tana amfani da haske biyu marasa ganuwa da aka jera a bakin ƙofa. Idan na waje aka fara tarewa, an shiga ke nan. Idan na ciki ne, an fita. Na haɗa irinta da Arduino, wani ƙaramin allon lantarki da ake tsara wa umarni, kuma matsalar da na gani ita ce mutum biyu da suka shiga kafaɗa da kafaɗa ana ƙirga su ɗaya, sai lissafi ya kai sifili alhali akwai mutum a ciki. Dole a sa ta mayar da lissafi sifili kowane dare, a kuma ba ta batir, domin ɗauke wuta yana goge adadin.

Mai gyaran wuta:
Gaskiyarki, Malama. Amma Malam, ka yi lissafi kafin ka kashe kuɗi. Ƙwai 10 na LED masu wat 9 da suka yi awa 10 a kunne ba su cinye yunit ɗaya ba, alhali fanka guda ta silin tana iya jan wat 70. A kan fankokin ya kamata ka ɗora mai ƙirgawar.

Mai kula da ɗakin karatu:
Na gode ƙwarai. Ƙofarmu ɗaya ce kuma ƙunci gare ta, don haka zan fara gwada ta a kan fankoki huɗu na babban zaure.