Wane ɗan sarki ne ya auri wadda aka hana shi, kuma auren ya ɗore?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu sanin tarihi. Gardama muke yi da ƙanwar maigidana, ita ta dage cewa a gidan sarauta soyayya ba ta kai labari. Wai in manya suka ce a'a, to ko dai yaro ya haƙura da yarinyar ko ya haƙura da rawani, kuma in ya zaɓi yarinyar ƙarshensa nadama. Hujjarta kullum Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a Disambar 1936 don ya auri Wallis Simpson, bazawara Ba'amurkiya. Aka ɗaura auren a Faransa babu ko mutum ɗaya daga danginsa, ya ƙare rayuwarsa a ƙasar mutane har ya mutu a Paris a 1972. Ni dai raina bai ba ni cewa kullum haka abin yake ƙarewa ba. Akwai wanda aka tsaya masa a gaba, ya yi auren duk da haka, kuma mutuncinsa bai zube a idon mutanensa ba? Labarin gaske nake so, mai suna da shekara.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam, Malama Uwar Biyu. Akwai, kuma a nan Afirka. Ki gaya wa ƙanwar maigidanki ta nemi labarin Seretse Khama na Botswana. Na daɗe ina ba ɗalibaina shi, kuma har yau in na tuna sai na ji wani abu a raina.

An haife shi a garin Serowe a 1921, jikan Sarki Khama na Uku na ƙabilar Bamangwato. Lokacin sunan ƙasar Bechuanaland, tana hannun Turawan Ingila. Mahaifinsa Sekgoma na Biyu ya rasu a 1925 yaron yana ɗan shekara 4, sai baffansa Tshekedi Khama ya riƙe masa sarautar kafin ya girma. Ki riƙe sunan baffan nan, domin shi ya raine shi, shi ya tura shi karatu Fort Hare a Afirka ta Kudu, daga nan Oxford, daga nan karatun lauya a Landan. Duk burinsa yaro ya dawo ya karɓi amanarsa.

A 1947, a wani taron rawa da wata ƙungiyar mishan ta shirya a Landan, Seretse ya haɗu da Ruth Williams, Baturiya, 'yar talakawa, akawu a kamfanin inshora. Da labarin aure ya fito, babu ɓangaren da bai tashi ba. Mahaifin Ruth ya ce ta bar masa gida. Wurin aikinta ta rasa shi. Tshekedi ya aiko saƙo a hana, ya roƙi 'yan mishan su shiga tsakani. Bishop na Landan ya hana a ɗaura musu a coci. Sai suka tafi ofishin rajistar aure na Kensington ranar 29 ga Satumba 1948 aka ɗaura a can.

Abin da ya bambanta shi da Edward, a ganina, shi ne bai ɗauki matarsa ya ɓace ba. Gida ya koma shi kaɗai ya tsaya gaban jama'arsa. Bamangwato suna da taron gari da suke kira kgotla, inda maza ke zama a fili a tattauna al'amarin ƙasa, kowa ya faɗi ra'ayinsa sarki na ji. A zama na farko a ƙarshen 1948 an juya masa baya. Kuma hujjar dattawan ba ta banza ba ce: matar sarki uwar sarkin gobe ce, al'adarsu ba ta yarda yarima ya zaɓo ta shi kaɗai bai shawarci kowa ba. Seretse ya amsa laifin rashin shawara, amma ya ce sakin matarsa kam ba zai yi ba. Aka sake zama, ba a daidaita ba. Sai a zama na uku, a watan Yunin 1949, da mutane suka fara zargin ko baffan so yake ya ci gaba da riƙe kujerar. Ran nan aka ce masu ƙin matar su miƙe, 'yan kaɗan suka tashi. Aka ce masu son Seretse da matarsa su miƙe, dubbai suka tashi. Tshekedi ya tattara nasa ya bar ƙasar Bamangwato tare da magoya bayansa.

Da a nan maganar ta tsaya da shi ke nan. Amma a 1948 ɗin nan ne jam'iyyar masu wariyar launin fata ta D.F. Malan ta karɓi mulki a Afirka ta Kudu, a 1949 kuma suka yi dokar haramta aure tsakanin fari da baƙi. Ina za su yarda a ce a bakin iyakarsu ga sarki baƙar fata da matarsa fara? Suka hana ma'auratan shiga ƙasarsu, alhali hedikwatar mulkin Bechuanaland a Mafeking take, cikin Afirka ta Kudun. Ingila kuwa ta fito daga yaƙin duniya bashi ya yi mata katutu, tana buƙatar zinariya da yuraniyom na Afirka ta Kudu. Gwamnatin Firayim Ministan Ingila Attlee ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin alƙali Harragin. Rahoton ya nuna Seretse ya cancanci sarauta, auren ne kawai matsala saboda maƙwabta. Sai suka ɓoye rahoton shekara 30.

A 1950 suka gayyace shi Landan wai a tattauna. Yana isa suka ce an hana shi zama ƙasarsa shekara 5. Da gwamnatin Churchill ta hau, maimakon sassauci, a 1952 aka mayar da korar ta har abada. Wannan hali na Turawan mulki mu ma mun san shi. Sarkin Kano Alu da suka raba da sarautarsa, a Lokoja ya rasu.

Mutanen Serowe su ne suka ba ni sha'awa. Turawa suka yi ta matsa musu su zaɓi wani sarki, suka ƙi. Har tarzoma aka yi a 1952 da ta ci rayuka. Haka aka yi ta ja har 1956, lokacin da Seretse ya amince ya ajiye haƙƙinsa na sarauta aka bar shi ya dawo gida da iyalinsa a matsayin talaka. Ya yi kiwon shanu, ya shiga siyasa, jam'iyyarsa ta ci zaɓen 1965, ranar 30 ga Satumba 1966 ya zama shugaban ƙasar Botswana na farko. Yana kan mulki har ya rasu a Yulin 1980, Ruth na gefensa, aurensu ya haura shekara 30.

'Yar Damagaram:

Baba Malam, Allah ya ƙara basira. Amma ku maza in kuna ba da labarin nan, wahalar matar a gurguje kuke wuce ta. Shi Seretse ko a lokacin da aka kore shi, yana da dubban mutane da ke kiran sunansa. Ita fa? Mahaifinta ya rufe mata ƙofa, 'yan jarida na bin ta a titi, ta bar Landan ta tafi Serowe a 1949, garin da ba ta jin harshensu. Turawan da ke zaune a can, 'yan uwanta farare, su ne suka fi ƙyamarta.

Sannan lokacin da aka gayyace su Landan a 1950, ita ƙin tafiya ta yi, don sun ji a jikinsu tarko ne, in suka fita su biyu ba za a bar su su dawo ba. Ta zauna a Serowe da tsohon ciki, miji ba ya kusa da ita, ta haifi 'yarsu ta fari Jacqueline a can a watan Mayu. Duk macen da ta taɓa haihuwar fari nesa da uwarta ta san abin da nake nufi. Wannan zaman da ta yi ina ganin shi ya saye zuciyar matan garin fiye da duk jawabin da aka yi a taron maza.

Kuma bayan ya rasu ba ta kwashe kaya ta koma Ingila ba. Ta zauna tana aikin jin ƙai da ƙungiyar Red Cross ta ƙasar har ta rasu a 2002, aka binne ta kusa da mijinta a maƙabartar sarakunan Serowe.

Ɗan Kantin Kwari:

Ni fa ina ganin ƙanwar maigidan Hajiya ta ci rabin gardamar. Seretse ya samu mata, ya samu shugabancin ƙasa, amma rawanin kakanninsa bai naɗa ba. In ana neman wanda ya haɗa biyun, Harald na Norway ne. Ya so Sonja Haraldsen, 'yar mai kantin tufafi a Oslo, mahaifinsa Sarki Olav na Biyar ya ƙi saboda ba jinin sarauta ba ce. Shekara 9 suna jira. Daga ƙarshe Harald ya shaida wa uban cewa in ba ita ba, ba zai yi aure ba har abada, ga shi kuma shi kaɗai ne magaji. Sarki ya shawarci gwamnati ya sauko. Aka yi biki a Agustan 1968, kuma da yake mahaifinta ya riga ya rasu, Sarki Olav da kansa ya riƙo hannunta zuwa wurin ɗaurin auren. Harald ya hau gado a 1991 tana sarauniya. Bai yi aure a ɓoye ba, jira ya yi har uba ya sa albarka, kuma ni wannan hanyar ta fi kwanta mini.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Malam, wani abu ya tsaya mini a rai. Baffan nan da ya raine shi tun yana maraya, haka suka rabu da gaba har mutuwa? Don in zumunci ya yanke, ni ba zan iya kiransa nasara ba.

Tsohon Hedimasta:

Bai yanke ba, 'yata. Kuma 'Yar Damagaram ta yi gaskiya, na tauye wa Ruth haƙƙinta a bayanina.

Tshekedi ba mugu ba ne. Mutum ne da ya shafe sama da shekara 20 yana tsare wa ɗan ɗan'uwansa kujera, yana kuma faɗa da yunƙurin Afirka ta Kudu na haɗiye ƙasarsu. Tsoronsa shi ne auren ya ba maƙwabta hujjar da suke nema. Shi ma bai tsira ba, don Turawa sun hana shi zama ƙasar Bamangwato na wani lokaci. A 1956 su biyun suka zauna a Ingila suka sasanta, kowannensu ya ajiye neman sarautar, wannan ne ya buɗe wa Seretse hanyar komawa gida. Suka yi aiki tare a majalisar ƙabilar kafin baffan ya rasu a 1959. Da Ruth ta haifi tagwaye maza a 1958, ɗaya Anthony aka sa masa, ɗayan Tshekedi.

Malam Ɗan Kantin Kwari, na yarda hanyar Harald ta fi lafiya, sai dai shi ubansa kawai yake jira ya sauko. Seretse ko shekara nawa zai jira, gwamnatin Malan ba za ta sa albarka ba. Rawanin ma bai bar gidan ba: babban ɗansu namiji, Ian Khama, wanda aka haifa a Ingila a 1953 suna gudun hijira, shi Bamangwato suka naɗa sarkinsu a 1979 mahaifinsa na raye, kuma ya shugabanci Botswana daga 2008 zuwa 2018.