Kalmar Turancin da ta taɓa ba ka kunya

Malamar aji biyar:
Assalamu alaikum. Jiya wata ɗalibata ta toshe hanci ta ce min, "Aunty, I am hearing smell." Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na kasa, don ni ma na taɓa faɗin haka ina budurwa, a gaban baƙi. Mu kalma ɗaya gare mu, "ji". Ka ji magana, ka ji wari, ka ji yunwa, ka ji gishiri a miya, har Turancin ma jin sa ake yi. Bature ya yanyanka ta: hear, smell, feel, taste, understand. Don Allah kowa ya kawo tasa, ina so in karanta musu ranar Litinin su san ba su kaɗai ba ne.

Tsohon akawu:
Wa alaikumus salam, 'yata. Mu da ƙamus ɗin Michael West muka tashi, wanda ya fara fitowa a 1935. Hikimarsa ita ce duk bayanin da ke ciki an yi shi da kalmomin da ba su kai 1,500 ba, saboda haka ba ka zuwa neman ma'ana ka dawo da sabuwar jinya. Kullum kalma goma nake haddacewa bayan asuba, kamar allo. Duk da haka, ranar da aka kawo min takarda an rubuta "minutes" a kai, agogo na duba. Ashe rubutaccen bayanin taro ake nufi.

Ɗan Kantin Kwari:
Baba, ai gara kai. Ni "borrow" ce ta kusa ja min asara. Wani abokin ciniki Ba'indiye na rubuta wa "borrow me", ya amsa da cewa shi bai nemi komai a wurina ba. Na ɗauka wulaƙanci ne, kwana biyu ban ɗaga wayarsa ba. Ƙanena ne ya warware min. Mu abin da muke dubawa shi ne kayan: in shi ɗin za ka mayar, kamar tsani ko keke, aro ne, in madadinsa za ka biya, kamar kuɗi ko tiyar gero, rance ne. Su Turawa wannan bai dame su ba, hannun suke kallo. Mai bayarwa "lend", mai karɓa "borrow". Tun ranar, kafin in rubuta sai na tambayi kaina, ni ne mai miƙawa ko mai amsa?

Nas a Ingila:
Yaya, ka tuna min da watana na farko a nan. Wata tsohuwa ta yi tuntuɓe a baranda, na ruga ina "sorry, sorry". Ta dube ni ta ce ai ba ni na ture ta ba. Ni sannu nake yi mata, ita ta ji ina ba da haƙuri. Har yau ban samu kalma ɗaya da ta maye min gurbin sannu ba, kuma ina jin rashinta. Sannan akwai "I'm coming". Na faɗa wa shugabar sashenmu haka na juya na fita, kamar dai yadda muke cewa ina zuwa. Ta tsaya riƙe da ƙofa tana kallon bayana. Batun "drink your tablets" kuwa, marasa lafiya da kansu suka gyara min, "take" ake cewa.

Ɗalibi daga Maraɗi:
Ku kuna da sauƙi, harshe ɗaya ke yi muku shigo-shigo ba zurfi. Mu harsuna biyu ne, Turanci da Faransanci. Da na zo karatu Kano na tambayi inda "library" take don in sayi littafi, saboda a Faransanci "librairie" kantin littattafai ne. Aka kai ni, na ɗauko littafi na ciro kuɗi. Mai gadin wurin ya ce min, "Ɗan Nijar, nan ba a ciniki." Haka "actually", shekara guda ina amfani da ita a matsayin "yanzu", saboda a Faransanci ma'anar "actuellement" ke nan.

Mai shirin JAMB:
Baba akawu, a gafarce ni, haddar nan ni ba ta karɓe ni ba. Na cika littafi mai shafi 60 da manyan kalmomi, amma ƙanana ne ke kayar da ni. Na san "put", na san "up", na san "with". An haɗa su, wai haƙuri da abu ke nan. Ta yaya?

Tsohon akawu:
Ɗana, su ma in ka ce musu ka sha iska, ka ci bashi, ka kashe aure, haka za su riƙe baki. Irin waɗannan da jimlarsu ake ɗaukar su. Ni ma daga baya na daina rubuta kalma tsirara, sai da maganar da na tsince ta a ciki.

Malamar aji biyar:
Na gode ƙwarai, duk na kwafe. Ɗan Maraɗi, taka zan fara karantawa. Na kuma ba yaran aikin gida: kowa ya kawo min abu biyar da Bahaushe ke "sha", mu ga nawa ne za su shiga "drink". Wani tun kafin a tashi ya ce mangwaro.