Neman kalma: me za a kira "camshaft" da "turbo" a darasin yaran Magazin?

Mai Darasi, Suame:
Assalamu alaikum. Iyayen gida da malamai, ina neman taimako kafin daren Juma'a, domin ranar Asabar da safe za a raba wa yara masu koyon aiki a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, takardar darasi, galibinsu 'yan Aboabo da Asawase. Aikin da za su kalla shi ne tsohuwar Land Cruiser da aka sauke mata injin fetur, za a ɗora mata 1HZ, dizal mai silinda 6, lita 4.2. Mai motar yana so a ƙara mata "turbo", a kuma sa "camshaft" da aka sake wa yanka. Fistin, bawul, gaskit, nozul, duk na rubuta su yadda muke faɗa a gareji. Waɗannan biyun ne suka tsaya mini. Me zan sa?

Mastan Dizal:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, rubuta kamshaf da tebo ka wuce wurin. Yaron da za ka koya wa, gobe shi za a aika kanti ya sayo kayan, kuma sunan da mai kanti ya sani shi ne zai yi masa amfani.

Abin da nake so ya shiga takardar shi ne wannan. 1HZ yana matse iska 22.4 zuwa 1, don haka idan fistin ya hau can sama, wurin da ya rage tsakaninsa da bawul ɗan kaɗan ne ƙwarai. Kamshaf yana juyi ɗaya duk lokacin da karanshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa, ya yi biyu, kuma kamshaf ɗin ke tura bawul ya buɗe. Idan sabon yanka ya ƙara zurfin buɗewa, ko ya sa bawul ya daɗe a buɗe, fistin zai iya tarar da shi a hanya. Sai bawul ya lanƙwashe, wani lokaci har kan silinda ya tsage. Kafin a ɗaure komai ɗaurin ƙarshe, a ɗora yumɓun wasan yara a kan fistin, a sa gaskit mai kauri daidai da wanda za a yi aiki da shi, a ɗaure kan silinda, a sa bel a kan alamominsa, sannan a juya karanshaf da hannu sau biyu cikakku, a hankali. In ya cije, kada a tilasta. A kwance, a yanka yumɓun da reza, a auna kaurin inda bawul ya danna, a gwada da adadin da wanda ya yanka kamshaf ya bayar.

Malamin Hausa, Asawase:
Masta, bayaninka ya yi, Allah Ya ƙara basira. Amma kamshaf ba Hausa ba ce, Turanci ne da aka karya wa wuya. Mene ne abin? Sanda ce ta ƙarfe mai tudu-tudu a jikinta, kowane tudu yana danna bawul. Hausa tana da sunan irin wannan tudun: tozo. Sai a ce sandar tozaye. Yaro yana jin sunan ya ga abin a idonsa. Shi kuwa ɗayan, aikinsa hura iska cikin inji domin wuta ta ƙara ci, kuma maƙeranmu sun daɗe da abin da ke wannan aiki. Zugazugi. A rubuta zugazugin inji.

Mai Kayan Mota, Abossey Okai:
Malam, a nan Ankara (Accra) wanda ya shigo ya ce a ba shi sandar tozaye zai koma hannu wofi, ba don raini ba, don ba wanda zai gane. Ni ma dai ina da tambaya a kan rubutun. Mu tebo muke cewa. Direbobin da ke zuwa daga Najeriya tobo nake ji a bakinsu. Wanne za a rubuta?

Hajiya mai fassara:
Kowanne aka ɗauka, a guji "tabo". Tabo yana da ma'anarsa, na rauni ko na tufa, kuma in aka ƙara ƙugiya sai ya koma taɓo. "Injin yana da tabo" zai rikita mai karatu. Tunda darasin na Kumasi ne, tebo ya fi. Namiji zan ba shi: tebon ya yi zafi, tebonsa ya ci mai. Kamshaf ma namiji, da "ɗin": kamshaf ɗin.

Zugazugi ya burge ni, Malam, amma akwai matsala. Akwai wani mai hura iskar da bel ke juyawa daga karanshaf, shi ma zugazugin inji ne ke nan. Abin da ya raba su shi ne tebo hayaƙin salansa ke juya shi.

Malamin Hausa, Asawase:
To sai a ce zugazugin hayaƙi. An gama.

Fita, Aboabo:
Ba a gama ba, Baba Malam. Yaro zai ɗauka hayaƙi ake hura wa injin, kuma wannan shi ne kuskuren da ake ta fama a cire musu daga kai. Fanka biyu ne a kan ƙarfe ɗaya, kowace da ɗakinta. Hayaƙi mai zafi yana juya ta baya ya fita salansa. Ta gaba tana jan iska mai tsabta daga matacin iska ta matsa ta cikin silinda. Ba sa haɗuwa. Ƙarfen da ke tsakaninsu yana wuce juyi 100,000 a minti, kuma a kan baƙin mai kawai yake yawo.

Shi ya sa bututun baƙin mai su ne rabin aikin. Na shiga siriri ne, yana zuwa da matsi daga jikin inji. Na fita dole ya zama mai faɗi, ya gangara ƙasa ba tare da lanƙwasa ta hawa ba, ya shiga kaskon mai sama da inda mai ke tsayawa, domin nauyinsa ne kaɗai ke mayar da shi. In ya toshe ko ya kwanta, mai zai taru ya tsallaka ta wajen fanka, mota ta riƙa shuɗin hayaƙi, a ɗora wa tebo laifi alhali lafiyarsa lau. A sauke kaskon kafin a huda shi a yi walda, a wanke shi tas. Wanda ya huda shi a jikin mota ya bar garin ƙarfe a ciki. Ranar tayarwa ta farko, a ɗura mai ta bakin tebo, a cire wayar da ke buɗe wa famfon inji dizal, a yi ta murza makulli har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar da waya a tayar.

Malamin Hausa, Asawase:
Duk wannan ilimi da kuka zuba da Hausa kuka zuba shi, kuma ya fita tsaf. To me ya sa idan an zo kan suna sai a ce Hausa ta gaza? Abin da ke damuna ke nan. Mutanen Kano suna cewa Hausarmu ta Zongo ta lalace, ba ma raba mace da namiji, rabin maganarmu Turanci ne da Tuwi. Ga dama ta samu mu nuna mu ma muna iya ƙirƙira, sai mu miƙa hannu ga aro. Sandar tozaye ba ta da aibi ko ɗaya. Ba wanda ya kawo hujja a kanta sai "ba a saba ba". Jirgin sama ma ai wani ne ya fara faɗa.

Mai Kayan Mota, Abossey Okai:
Malam, bakaniken Kano ma kamshaf yake cewa. Mota, inji, birki, taya, giya, kuloci, wa ya ƙirƙiro su? Kowa ya karɓa, kuma ba wanda ya ce Hausar Kano ta lalace saboda birki. In sun ara ya zama Hausa, in mun ara ya zama lalacewa? Sunan Magazin ɗin kansa aro ne, daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa, kuma kakanninmu da shi suka kira wurin.

Hajiya mai fassara:
Maganar raba mace da namiji a bar ta, don Allah. Karin harshe ne, ba cuta ba, kuma ba ita aka tambaya ba. Amma Malam yana da gaskiya a wuri ɗaya da ba ku lura ba: tudun da ke jikin kamshaf ba mu da sunansa ko na aro. Masta, me kuke ce masa?

Mastan Dizal:
Ba ma ce masa komai, Hajiya, da yatsa muke nunawa. Tozo ya dace da shi, wannan na karɓa. Kuma zai taimaka a bayyana abin da ake yi wajen sake yanka. Ba ƙarfe ake ƙara wa tozon ba, bayansa ake ragewa, wato zagayen da bawul ke hutawa a kai, sai tozon ya zama ya fi tsayi idan an gwada da bayan. Saboda haka tazarar bawul takan buɗe, dole a nemi faifan cikon da suka fi kauri. A 1HZ, inji a sanyaye, na shigar iska 0.15 zuwa 0.25 na milimita, na fitar hayaƙi 0.35 zuwa 0.45. A shafa man haɗi a kowane tozo, kuma tayarwar farko kada a bar injin yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, a riƙe shi wajen juyi 2,000 a minti na kimanin minti 20 domin mai ya wadaci saman.

Ra'ayina kuma, in mai motar zai ji: a wannan injin kuɗin kamshaf bai kai amfaninsa ba. Ƙarfin daga tebo da saitin famfo yake zuwa. Yankan da ya sa bawul na shiga da na fita suka daɗe a buɗe tare zubar da iskar tebo yake yi ta salansa, motar ta rasa ƙarfi a ƙananan juyi, inda ake buƙatarsa a hawa da kaya. In na asali bai cinye ba, a bar shi.

Fita, Aboabo:
Haka ne. Kuma a gaya wa yara 1HZ ba a gina shi don tebo ba. Ɗan'uwansa 1HD-T da ya zo da tebo daga kamfani matsinsa 18.6 ne, fistinsa ma daban. Don haka matsin iskar tebo ya tsaya tsakanin psi 7 zuwa 10. A sa agogon zafin hayaƙi a gaban tebo, kada ya zauna sama da digiri 650 zuwa 700 a doguwar hawa. Yawan dizal ne ke kawo zafi: a buɗe kusar famfo kaɗan-kaɗan, ana gwadawa a hanya da kaya. Baƙin hayaƙi alama ce dizal ya fi iska yawa, kuma ƙarshensa tsagewar fistin. Lagireton injin fetur ba lallai ya ɗauki wannan zafin ba, a duba shi. A wanke tanki, a ja layin mayar da mai, a haɗa birki da famfon zuƙar iska na sabon injin, domin dizal ba ya ba da wannan zuƙar da kansa kamar fetur. A kai lambar sabon inji DVLA, hukumar rajistar motoci, a gyara takardu.

Mai Darasi, Suame:
Na gode muku, Allah Ya saka da alheri. Ga yadda zan yi: kamshaf da tebo a ko'ina cikin takardar. Tozo da tozaye ga tudun jikin kamshaf. A farkon ambaton tebo zan ƙara cewa zugazugi ne da hayaƙi ke juyawa, yana hura iska mai tsabta. Baba Malam, ka yi haƙuri da sandar tozaye.

Malamin Hausa, Asawase:
Ban gamsu ba, kuma a ajina sandar tozaye zan ci gaba da koyarwa. Amma takardarka ce. Ka dai tabbatar mai buga takardar bai cinye ƙugiyoyin ba, hayaƙi da ƙarfe su fito daidai.

Mai Kayan Mota, Abossey Okai:
Tebo ko tobo har yanzu ban ji an raba mana ba, in takardar za ta kai hannun 'yan Najeriya.

Mastan Dizal:
Su karanta tebo, za su gane. Ƙanena, ƙara layi ɗaya a ƙasa don direba: bayan doguwar tafiya ya bar injin yana silo minti 2 ko 3 kafin ya kashe, in ba haka ba man da ya tsaya cikin tebo mai zafi zai ƙone ya toshe hanyarsa.