Unguwa shida sun isa, ko in koma fili?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum. Kundin digirina na biyu a kan daba ne a Kano: unguwa ce ke jan matashi, ko halin gidansu? Na raba takardar tambayoyi 384 a unguwa shida. Yanzu sufabaiza ya ce lissafi mai hawa biyu zan yi, matasa a ƙasa, unguwa a sama, tunda yaran layi ɗaya amsarsu kan yi kama. In ƙaro unguwanni ko in tafi da shidan? Wata biyu ya rage min.

Baban Khalifa: Ki ba mai SPSS (manhajar lissafin bayanai) dubu arba'in ya yi miki babi na huɗu, na nazarin amsoshin, ki huta.

Dan Gwale: Arba'in a ina? Ni dubu ɗari da ashirin aka caje ni.

Maman Sadiq: 'Yar uwa, kada ki soma. Ni na bayar. Ya riƙe min takardu wata uku, ya kawo tebura tsaf-tsaf. Ranar kare kundi wani malami ya ce, ya aka yi jimilla ta kai 412 alhali mutum 350 na tambaya? Ashe ko buhun bai kwance ba, lambobin wata ya liƙa min. Shekara guda na ƙara, da ciki, ga kuɗin makaranta. Na kira shi, wai "Hajiya, kuskuren kwamfuta ne."

Malam Statistics: Allah ya saka miki. Ummu Hanan, matsalarki ba 384 ba ce. A hawa na sama mutum shida kike da su, wato unguwannin. Galibi ana so su kai talatin. Binciken Sampson da abokansa na 1997 kan laifi da unguwa a Chicago rukunin unguwa 343 suka ɗauka. Gara mutum goma sha biyar a unguwa talatin.

Dan Gwale: Malam, Chicago ai suna da ƙidaya. Mu rabonmu da ƙidaya tun 2006. Kuma ina iyakar Dorayi ta tsaya? Ka taɓa shiga lungu da takarda a hannu?

Baban Khalifa: Shiga da sauƙi, fitowa da waya ce aikin 😂

Malam Statistics: Ta bi iyakar mazaɓu, ta fara gaida mai unguwa.

Maman Sadiq: Bayanan laifukan unguwa na caji ofis fa? Ni sai da na yi sawu har na gaji, a ce ogan ya fita. Kuma wa ke kai ƙarar ƙwacen waya? An ƙwace ta ƙanena da Magariba, Baba ya ce a bar wa Allah.

Dan Gwale: Mu da muka kai, kuɗin mai aka fara tambayarmu.

Ummu Hanan: To jama'a, in koma filin ne?

Baban Khalifa: Dan Gwale, nawa kuka bayar na man?